GIDAN IYALI A BAKIN GARIN MARAƊI: GONAR JIYA, UNGUWAR YAU

A gefen unguwar Zariya, cikin birnin Maraɗi, akwai wani gida mai katangar siminti da ƙofar ƙarfe, da itacen dogon yaro guda biyu a bakin zaure. Wani malamin lakkol ne ya gina shi, ya zauna cikinsa da iyalinsa har Allah ya karɓi ransa. Ya bar mata guda da ɗiya biyar, biyu maza, uku mata. Ba a gama sadakar arba'in ba sai dillalai suka fara sallama. Kowane ya zo sai ya yi gaisuwar rasuwa, ya yi addu'a, sannan in zai tashi ya ja babban ɗan gefe, ya shaida masa akwai wani Alhaji da ke son gidan, kuma kuɗi a hannu.

Lokacin da marigayin ya sayi wurin, a farkon shekarun 1990, gonar hatsi ce ta kewaye shi ta kowace kusurwa, har abokan aikinsa suna yi masa ba'a wai ya koma daji. Yau gari ya cim ma gidan, ya wuce shi da nisa, kuma kuɗin da ake tayi sun fi albashin da malamin ya ɗauka cikin shekaru masu yawa. Abin da ke gaban magada shi ne: a saida a raba kuɗi, ko kuwa a riƙe? Irin wannan gida ba ya ƙirguwa a Maraɗi, haka ma a Damagaram da Tawa da Yamai, kuma ba a gane amsar tambayar sai an san yadda kasuwar filaye take tafiya a bakin gari.

GARIN DA YA HAU TUDU

Asalin Maraɗi a kwarin gulbi take. Can Katsinawan da suka baro birninsu bayan jihadi suka kafa ta a farkon ƙarni na 19. A shekarar 1945 gulbi ya cika ya ci garin, sai hukumar mulkin mallaka ta maido jama'a bisa tudu, aka shata tituna miƙaƙƙu, aka yanka ƙasa murabba'i-murabba'i aka raba. Unguwannin asali, irin su Mokoyo da Bagalam da Ƴandaka da Maradawa da Limanci da Ɗan Gulbi, suna nan da sunayensu. Wannan yanka shi ne Faransawa ke kira kare, watau fili mai kusurwa huɗu, kuma kalmar ta zauna a bakin mutane har ta zama sunan unguwa, Sabon Kare.

Tun daga sannan garin bai daina yaɗuwa ba. Cinikin gyaɗa ya fara jawo mutane da dukiya. Da gyaɗa ta faɗi bayan farin shekarun 1973 da 1974, sai fatauci da Najeriya ya maye gurbinta, domin Katsina ba ta kai kilomita 100 daga nan ba. Ƙidayar 1977 ta iske mutum kimanin 45.000 a Maraɗi. Ta 1988 ta iske kimanin 110.000, ta 2001 kimanin 148.000, ta 2012 kuwa fiye da 267.000. Ke nan cikin shekara 35 jama'ar garin ta ninka kusan sau shida. Ta yamma gulbi ya tare hanya, saboda haka sai gari ya bi tudu, ya nufi gonakin ƙauyukan da ke kewaye. Unguwannin Zariya da Ali Ɗan Tsoho da makamantansu duk bisa tsoffin gonaki suke zaune.

YADDA GONA KE ZAMA FILI

Ƙasar bakin gari ba ta rasa mai ita. Gonakin gado ne, waɗanda kaka ya sare, uba ya noma, jikoki suka tarar. Dokar karkara ta ranar 2 ga watan Maris 1993 ta amince da mallakar gargajiya, ta ba ta daraja daidai da mallakar da ke rubuce. Saboda haka in gari yana son ya ƙaru, dole a bi ta kan manomi.

Hanyar da doka ta sani ita ce lotisma. Ma'aikatar magajin gari, ko wani ɗan kasuwa da ya samu izini, sai a auna gonakin, a zana taswira, a fid da tituna, a keɓe wurin lakkol da asibiti da kasuwa da masallaci, sauran kuma a yanka. Kowane rukuni yana da lamba, kowane fili yana da harafi, kuma ana kafa ƴan turakun siminti a kusurwoyi, waɗanda ake kira borni. Filayen da aka fi yankawa su ne mita 20 bisa 20, ko 20 bisa 30, ko 15 bisa 20. Masu gonakin a ba su wani kaso na filayen a madadin ƙasarsu, sauran a saida.

Akwai kuma hanya ta biyu, wadda ta fi sauri, ta fi araha, ta kuma fi haɗari. Manomi ya ga gari yana matsowa, yana tsoron kada lotisma ta zo ta bar shi da kaso kaɗan, sai ya riga ta: ya yanka gonarsa da igiya da taki, ya saida gunduwa-gunduwa a gaban shaidu. A irin wannan yanka babu wanda ke tunanin faɗin titi, balle wurin lakkol ko hanyar ruwa.

Ko ta wace hanya aka bi, manomi sau guda yake cin kuɗin. Wani ya yi wa ɗansa aure, wani ya sauke farali, wani ya sayi babur. Mai dabara ya sayi wata gonar can nesa. Wanda bai yi haka ba, bayan shekara biyu ko uku sai a iske shi yana kwaɓa siminti ko yana gadi bisa ƙasar da ubansa ya noma.

SHEKARA DA SHEKARU ANA GINI

Malamin lakkol ɗin nan kare na mita 20 bisa 20 ya saya, a hannun wani da ya samu wurin lokacin lotisma. Ya haɗa kuɗin ne da adashi da abin da ya samu na saida sa guda da ya yi kiwo. Kamar yawancin ma'aikata, bai je banki ba, kuma bai gina gidan a tashi guda ba.

Da farko katanga ya ja, domin fili marar katanga kowa na iya sa masa ido. Yana shirin aza ɗakuna sai aka karya darajar sefa a watan Janairu 1994: tamman Faransa guda da ake canzawa sefa 50 ya koma sefa 100. Kwano da ƙarfe da ƙusa da fenti, duk abin da ke zuwa daga waje, ya tashi. Shekarun nan kuma su ne shekarun da ma'aikatan gwamnati suka yi ta bin bashin albashi, wata ya mutu, wani ya kama, ba a biya ba. Sai malamin ya sauya shawara, ya sa aka buga tubalin ƙasa, ya gina ɗaki biyu da rumfa, ya haƙa salga, ya kwashe iyali daga gidan haya. Ruwa ƴan garuwa ke kawowa, haske kuwa fitilar kananzir.

Daga baya, sannu a hankali, aka ƙara ɗaki uku na bulo da siminti, aka yi zaure, aka ja famfo, aka sa lantarki. Duk lokacin da aka samu rarar albashi sai a sayi buhu biyar ko goma, a buga bulo a jibge a tsakar gida, a jira wata rarar. Yaran gidan sun girma suna wasa bisa tulin yashi. Sannu ba ta hana zuwa, in ji masu iya magana, sai dai a daɗe ba a je ba.

Wannan hali bai canza ba ƙwarai. Gwamnati ta buɗe bankin gidaje a ƙarshen shekarar 2018, amma banki albashi tabbatacce yake nema da takardar da za a jinginar, alhali yawancin mutanen Maraɗi da kasuwa da sana'ar hannu suke ci, wasu kuma suna gudun bashin da ke da ruwa saboda addini. Ko da yake ƙasar nan tana da masana'antar siminti a Malbaza tun shekarun 1960, tsadarsa ta daɗe tana karya masu gini. A watan Oktoba 2024 hukuma ta ƙayyade farashinsa, tan guda jika 55 a Yamai, sauran jihohi kusa da haka gwargwadon nisan hanya. Tan guda buhu 20 ne, ke nan buhu ya kama jika 2 da dala 150. An samu sauƙi. Amma mai karatu ya tuna mafi ƙarancin albashi da aka tsaida a farkon 2024 jika 42 ne: watau ƙaramin ma'aikaci, ko bai ci ba bai sha ba, albashinsa na wata ba ya sayen tan guda.

MASU SAYE IRI BIYU, KASUWA GUDA

Kasuwar filaye ba ta da rumfa, ba ta da ranar ci. A bakin dillalai take, a majalisun gindin itace da ƙofar masallaci, yanzu kuma har cikin wayar salula. Dillali shi ya san wanda bashi ya kama, da wanda zai aurar da ɗiya, da gidan da aka yi rasuwa. La'adarsa bisa kuɗin ciniki take, saboda haka tashin farashi riba ne gare shi. Babu wani allo da ake rubuta abin da aka saida fili, sai dai ji-ta-ji-ta: in an ce na kusa da kai ya tafi a kaza, gobe kowa a layin ya ɗaga nasa.

Masu saye iri biyu ne. Na farko shi ne mai neman wurin da zai aje iyalinsa: malami, ma'aikacin asibiti, tela, direba, ƙaramin ɗan kasuwa, saurayin da gidan ubansa ya cika. Na biyu shi ne mai neman wurin da zai aje dukiyarsa. Dukkansu kasuwa guda suke shiga, amma na biyu shi ke yanka farashi, domin shi ba ya gaggawa, kuma ba fili guda yake saye ba.

Dalilin wannan na biyu ba ɓoyayye ba ne. A da, mai kuɗi shanu yake tarawa, sai farin 1973 da na 1984 suka nuna garke na iya ƙarewa cikin rani guda, yanzu kuma ga ɓarayin shanu. Wanda ya aje sefa ya ga abin da ya faru a 1994. Wanda ya riƙe naira ya ga yadda ta faɗi: a farkon 2023 dalar Amurka guda tana wajen naira 460 a farashin hukuma, kafin ƙarshen Fabrairu 2024 ta haura 1.500. Fataucin ma ba shi da tabbas. Najeriya ta rufe iyaka daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, ta sake rufewa bayan sauyin mulki na ranar 26 ga Yuli 2023, sai a watan Maris 2024 ta buɗe. Duk lokacin da hanya ta toshe, ɗan kasuwa sai ya nemi inda kuɗinsa za su kwanta ba su narke ba. Ƙasa kuwa ba ta mutuwa, ba ta ruɓewa, ba a kora ta daji da dare.

Bayan wannan, akwai abubuwan da ke ƙara jawo mutane. Jami'ar Maraɗi, wadda aka kafa a 2010, mai ɗauke da sunan Ɗan Dikko Ɗan Kulodo, ta kawo malamai da ɗalibai masu neman haya. Bikin 18 ga Disamba na shekarar 2015, wanda aka yi wa laƙabi da Maraɗi Kwalliya, ya bar sababbin tituna, kuma duk inda kwalta ta bi, filin da ke bakinta ya canza daraja. A watan Fabrairu 2021 Najeriya ta ƙaddamar da aikin hanyar jirgin ƙasa mai tsawon kilomita 284 daga Kano, ta Katsina da Jibiya, zuwa Maraɗi, kuma irin wannan labari kaɗai ya isa ya sa mai fili ya ƙi saidawa. Ta wani gefen, tun daga 2019 tashin hankalin ƴan bindiga ya koro dubban mutane daga Zamfara da Sakkwato da Katsina zuwa yankin Gidan Rumji, ya kuma addabi ƙauyukan bakin iyaka har Madarumfa. Mai ɗan hali a ƙauye, wanda ke tsoron a sace shi don kuɗin fansa, birni yake nufa da iyalinsa.

Sakamakon haka duk mai ido yana ganinsa. A tsakiyar unguwannin da ke da ruwa da wuta akwai filaye masu katanga da suka shekara goma ko ashirin ba a aza tubali guda ba, wasu da bukkar mai gadi, wasu ana shuka wake da damana. Mai neman wurin kwana kuwa sai ya tsallake su, ya tafi can inda aljihunsa ya kai, inda babu famfo, babu lantarki, babu lakkol kusa. Arahar filin sai ya biya ta daga baya, kullum kaɗan-kaɗan: kuɗin garuwa, kuɗin kabu-kabu ko adaidaita na zuwa kasuwa da kai yara makaranta, da wahalar neman abin hawa in naƙuda ta tashi da tsakar dare. Hukuma ma tana biya, domin kowane fili da aka bari fanko yana ƙara tsawon bututun ruwa da wayar lantarki da za a ja kafin a kai ga masu zama.

TAKARDA

Da magadan malamin suka buɗe akwatinsa, sai suka iske takardu biyu. Ta farko ita ce ta magajin gari, wadda ake kira akt di sesiyon, amma sunan da ke bisanta ba na ubansu ba ne, na mutumin da ya saida masa ne. Ta biyu ƴar takarda ce da aka rubuta da hannu ranar ciniki, da sa hannun shaidu biyu, ɗayansu ya riga mu gidan gaskiya. Marigayin ya yi ta niyyar zuwa a juya suna, amma kuɗin juyawar kullum sai su tafi wajen siminti.

Takardun ƙasa hawa-hawa ne. Akwai shaidar mallakar gargajiya ko ta saye, wadda mai gari ko hakimi ko kwamitin kula da ƙasa ke sa wa hannu: tana nuna gonar wane ce, amma ba ta nuna an yi lotisma ba. Akwai akt di sesiyon, wadda ke nuna lambar rukuni da harafin fili da girmansa, kuma tana ɗora wa mai ita sharaɗin ya raya wurin cikin wa'adi. Sannan akwai titir fonsiye, wadda ma'aikatar kadastir ke bayarwa bayan an auna an rubuta cikin babban littafin ƙasa. Ita ce ƙarshen magana a gaban alƙali, ita ce kuma banki ya fi amincewa da ita. Da yake neman ta yana da tsada da jinkiri, a shekarar 2006 hukuma ta fito da hanya mai sauƙi, aka ba ta sunan Hausa, Sheda. Duk da haka gidaje masu yawa har yau ba su wuce hawa na biyu ba.

Rigingimun da ke cika kotuna daga nan suke fitowa, kuma kusan kullum iri guda ne. A saida fili guda ga mutum biyu ko uku. Ɗaya daga cikin magada ya saida gonar gado ba da sanin ƴan'uwansa ba, bayan shekaru su taso. A yanka wurin da aka keɓe don lakkol ko titi a saida wa wanda bai sani ba. Ko kuma a nuna wa mutum wuri mai kyau da yatsa, alhali lambar da ke bisa takardarsa wani wuri take nufi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Maganin abin sananne ne, sai dai gaggawa da kunya ke hana mutane bin sa: a je ma'aikatar magajin gari a duba littafi a ga sunan wa ke ciki, a ɗauki ma'auni a je a nemi borni huɗu a ƙasa, a tambayi mai unguwa da maƙwabta, in gado ne a nemi takardar taron dangi da kotu ta tabbatar, kuma kada a miƙa kuɗi sai gaban notar ko hukuma.

Dillalan da ke zuwa gidan malamin sun san halin da takardarsa take ciki. Shi ya sa suke gaggawa, shi ya sa kuma tayinsu, duk da girmansa a kunne, bai kai abin da gidan zai yi ba in da sunan daidai yake.

HANYAR RUWA

Abu na biyu da ke yanke wa gida daraja ba ya cikin kowace takarda. Tudun Maraɗi yashi ne, kuma gangare yake zuwa gulbi. Lokacin da gonaki ne, ruwan sama yana sauka ƙasa ta shanye. Yanzu rufin kwano da daɓen siminti da kwalta sun rufe ƙasar, sai ruwan ya taru, ya bi tituna da gudu, yana zaizayar yashi. Titin da babu magudana, damana kaɗan sun isa su mai da shi korama, korama ta zama kwazazzabo mai cin katanga.

Damanar 2024 ta tuna wa kowa wannan. A ƙarshen watan Agusta ruwa kimanin milimita 150 ya sauka bisa Maraɗi cikin awa guda da rabi, ya kashe mutum 15 aƙalla, ya rushe gidaje masu yawa. A faɗin ƙasa mutanen da suka rasu a damanar sun haura 300, waɗanda abin ya shafa sun fi miliyan guda, har hukuma ta ɗage komawa makaranta zuwa 28 ga Oktoba, domin azuzuwa da yawa mutane ne a cikinsu. Garin da ya gudo daga kwari a 1945 sai ga shi ruwa ya iske shi bisa tudu.

A gidan malamin, ɗakunan siminti sun tsaya, amma ɗaya daga cikin tsoffin ɗakunan ƙasa ya tsage tun daga sama har ƙasa, titin ƙofar gida kuma ya zurma har ana ganin gindin katanga. Ba banza ba ne cinikin filaye ya fi kankama da rani, lokacin da ko'ina ya bushe, tafki da tudu suka zama ɗaya a ido. Wanda zai sa gumin shekara goma a wuri, ya kamata ya je ya gan shi cikin watan Agusta, washegarin ruwa mai ƙarfi, ya kuma tambayi tsohon da ya noma gonar inda ruwa ke kwanciya. Zuwa da kai ya fi aike.

RABON GADO

Da aka zauna taron dangi, ga baffan yaran, ga limamin unguwa, sai aka yi lissafi bisa shari'a. Iyayen marigayin sun riga shi rasuwa. Matarsa tana da tumuni, watau kashi guda cikin takwas. Sauran bakwai na ɗiya ne, namiji rabon mace biyu: kowane namiji kashi biyu, kowace mace kashi guda. In ƙasar za a yanka, mita murabba'i 400 ne, kowane kashi ya kama 50, watau mita 5 bisa 10. Ɗaki da ƴar rumfa ke nan, babu tsakar gida, babu mashiga. Ashe gidan da ya rene mutum bakwai ba ya yankuwa bakwai.

In kuwa aka saida, kuɗin da suka yi kama da tsauni a bakin dillali sai su zama tsibi takwas. Babu tsibin da zai sayi gida a unguwar. Kashi biyu na namiji zai iya sayen fili fanko can bakin daji, ya rage na katanga. Tumunin uwa ba zai ba ta rufi ba, sai dai ta koma zaman gidan wani bayan shekara talatin tana ɗakinta. Ga kuma ƴar tsakiya, wadda aurenta ya mutu ta dawo da yara biyu, ba ta da inda za ta nufa. A nan ne tashin farashi ke ruɗin mutane: yana amfanin wanda ke da fili biyu ya saida guda. Mai gida guda kuwa, in ya saida da tsada, da tsada zai saya, kuma a wuri mafi nisa.

Amma masu son a saida su ma suna da hujja. Babbar ɗiya tana aure a Tibiri, mijinta ba shi da ƙarfi, kuma hakkinta ne da Allah ya ba ta. Sau da yawa a irin wannan zama, kalmar a riƙe gidan uba ita ce hanyar da maza ke bi su cinye rabon mata, su zauna a ciki shekara da shekaru, ƴan'uwansu mata kuwa kunya ta hana su magana. Ƙaramin ɗan shi ma yana son jari, yana kuma son ya yi aure.

Ba a tashi ba sai da aka tsaida magana huɗu. Za a fara gyara takarda, a nemo magadan wanda ya saida wurin da shaidan da ya rage, a juya suna, a nemi Sheda. Za a sa masana biyu da ba dillalan mai saye ba su yi wa gidan kuɗi a gaban shaidu, a rubuta rabon kowa. Babban ɗa zai biya babbar ƴar'uwarsa da ƙanensa rabonsu kashi-kashi, cikin wa'adin da aka rubuta aka sa hannu. Za a kuma rushe ɗakin da ya tsage, a fasa katangar bakin titi a fid da shago biyu, hayarsu ta riƙe uwa da waɗanda ke zaune tare da ita. Ba kowa ya tashi da farin ciki ba, kuma babban ɗan ya ɗauki nauyin da zai daɗe yana saukewa. Amma Hajiya tana ɗakinta, dillalai kuma sun rage sallama.

Ƙaramin ɗan, da ya karɓi kashin farko na kuɗinsa, bai sa su a kasuwa ba. Wani dillali ya kai shi bisa babur can hanyar Ɗan Isa, bayan gidaje sun ƙare, ya nuna masa wuri tsakanin karan hatsi, ya ce nan da shekara biyar nan ne tsakiyar gari. Haka aka gaya wa ubansa shekara talatin da suka wuce, kuma ba a yi masa ƙarya ba. Saurayin ya zagaya wurin, ya nemi borni ya iske biyu kaɗai, ya rubuta lambar rukuni a tafin hannunsa. Ya ce wa dillalin zai je ma'aikatar magajin gari ya duba littafi, sannan zai dawo ya sake ganin wurin in ruwa ya sauka.